Hannun Gwaggo Dela

Talata, 16 ga Afrilu 1985, ƙarfe shida da rabi na safe

Raliya ta ce in daina ba ta labarin jiya, sau huɗu ta ji shi, ta haddace. To, na sayo kaye, littafin rubutu, shi ba ya gajiya da saurare.

Jiya, cikin bikin zagayowar ranar da sojoji suka karɓi mulki, aka nuna wa manya silimata. Tawa na ce, kuma ba na janyewa. Minti biyar ce kacal, amma wata bakwai na yi a duƙe kan tebur mai fitila daga ƙasa, ina zana mace ɗaya sau dubu da ɗari takwas, kowane zane ya ɗan gota wa na bayansa, don in an ɗauke su a jere da kamara ta motsa kamar mai rai. Sunanta Gwaggo Dela. Ƙatuwar mace ce mai wushirya, ɗaurin kallabinta kullum a karkace. Jikanta na fama da zawo, sai ta wanke hannu, ta auna ruwa lita ɗaya, ta jefa ƙwayar sukari takwas, ta tsinci gishiri da yatsu uku sau biyu, ta dama, ta ba shi. Yaro ya miƙe ya bi akuya da gudu. Silimar ke nan. Da ita ake son a koya wa matan makiyaya da fari ya koro yadda za su hana zawo ya tsotse musu 'ya'ya.

Muryar Gwaggo ta Madam Saratu ce, malamar jinya 'yar Dogon Dutsi da ke aiki a sansanin makiyayan, a hanyar Tondibiya. Hannun kuwa na Raliya ne. Sati biyu na zaunar da ita a tsakar gidanmu na unguwar Kalley a Yamai tana tsintar gishiri ina zanawa, har maƙwabta suka fara tambayarta ko maigidan lafiya.

Kapitan mai kula da agaji ya yi dariya wajen akuyar. Da ya yi, kowa ya yi. Darektanmu Mushe Ado, yadda ake kiran manya da Faransanci, ya fi kowa buɗe baki, shi da ya ce mini bara wai wasan yara nake da takardar gwamnati. An ba da umarni a buga kopi goma, a raba wa jihohi ranar shida ga Mayu.

Da ma Alu ya gani. Shi ya ɗauki kowane zane da kamara, ɗaya bayan ɗaya. Teburinsa na nan yadda ya bar shi tun Fabrairu, ranar da mutum biyu suka zo biro, wato ofishinmu, suka ce ya zo minti biyar.

Juma'a, 19 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Jiya da magariba muka kai Gwaggo sansani. Sumana ke tuƙa kamyo, babbar motarmu ta kaya, shi kuma ke kunna injin silima. Bazabarme ne mai bakin tsiya, Hausarsa ba ta san mace da namiji ba, Gwaggo ma "shi" yake ce mata.

Na daɗe ban fita bayan Yamai ba. Kogi ya janye har mutane na tsallakawa da ƙafa a ƙarƙashin gada. Sansanin kuwa bukkokin tabarma ne da na buhu, har inda ido ya tsaya. A biro ba mu cewa yunwa, ƙarancin cimaka muke rubutawa. To, na ga ƙarancin cimaka da idona.

Fulani suka fi yawa. Ni kuwa jinin Barebarin Damagaram, ina ganinsu bakina ya fara ƙaiƙayi. Na ce wa wani tsoho, bawana, ina shanun da na ba ka kiwo? Ya yi murmushi, ya nuna arewa da sandarsa. Daga nan na kama bakina.

Mun ɗaura farin ƙyalle a jikin kamyo. Da Gwaggo ta fito ta yi musu murmushi, mata suka ja da baya, wasu suka rufe fuska, can sai dariya ta ɓarke. Ƙarar injin wuta ta cinye amsa-kuwwa, ko ni ban ji abin da Gwaggo ke faɗa ba. Ga shi kuma da Hausa take magana, ta Fulatanci an ce sai daga baya. Saratu ta yi ƙorafi a kan haka. Na ce mata, Madam, hoto ba ya bukatar tafinta.

Akwai wata a sahun gaba, doguwa, yarinya ce sosai, da ɗa a cinyarta. Ita ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Leɓenta na motsi, tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na ji daɗi har cikin raina. Na nuna wa Sumana ita na ce ga ɗaliba.

Lahadi, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Zafi. Na zana akuya a bayan kayen nan, ta fi ta silimar kyau.

Litinin, 22 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Saratu ta zo biro a kan ɗan babur ɗinta mobilet, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba. Wai tun Asabar an kawo mata yara uku masu zawo da wani irin ciwo da ba ta saba gani ba: ƙishi kamar hauka, jiki ya sandare, ɗaya har yana fizga. Uwayen duka sun ce ruwan matar farin ƙyalle suka ba su, haka suke kiran Gwaggo. Ta ce ta ɗanɗana abin da ya rage a ƙwaryar ɗaya daga cikinsu, sai da ta tofar.

"Malam Shu'aibu, sau nawa hannun ke zuwa wurin gishiri?"

Na ce sau biyu mana, ke da bakinki kika faɗa.

"Ba abin da na faɗa nake tambaya ba. Hannun nake tambaya."

Na ji haushi. Na ce mutanen daji ne, in an ce biyu sai su yi goma don a warke da wuri. Ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta fita. Har yanzu haushin bai sake ni ba. Wata bakwai ina aiki, mutum ya zo da mobilet ya yi mini tambayar 'yan lakwal, yaran makaranta.

Talata, 23 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na sa Sumana ya kunna mini ita a ɗakin ajiya, a jikin bango. Na ce ya kashe murya.

Bari in rubuta yadda aikin yake, ko don in ga ya zauna a takarda. A sana'ar nan ba wanda ke zana abu ɗaya sau biyu. In mace na daka, ɗaga taɓarya da saukarta ka zana sau ɗaya, mai kamara ya yi ta maimaitawa. Haka ƙafafun akuya. Ga shi takardar zane ta yi mana ƙaranci tun Disamba, ƙirga ta nake kamar hatsi. Hannun Gwaggo daga gishiri zuwa ƙwarya zane goma sha biyu ne. Amma a nan ne Saratu ta fi tsawaita magana, don nan ne wurin haɗari: yatsu uku, sau biyu kawai, kada ki ƙara, ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Maganar ta fi zanen tsawo. Ban so Gwaggo ta tsaya ƙiƙam kamar gunki tana jira ba, sai na rubuta wa Alu a takardar aiki ya maimaita har murya ta ƙare. Har adadin na sa masa, da alƙalamin bik ɗina ja.

Mu masu jin Hausa kunnenmu ya ce biyu, idonmu ya yarda. Ni, da Alu, da Saratu, da Mushe Ado, da ɗaki cike da manya. Ba wanda ya ƙirga.

Sumana ya ƙirga da Zabarmanci, ni da Hausa. Wuri ɗaya muka tsaya. Ya naɗe silimar a kan bobin ɗinta.

Talata, ƙarfe uku na rana

Sau tara.

Laraba, 24 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na je tantin jinya. Ɗalibata ce. Sunanta Pendo. Yaron na kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, idonsa a buɗe amma ba ya kallon kowa. Ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ko dubansa sosai a gaban mutane. Ta zauna ta ba shi gefe kamar ɗan wata take jira. Amma ƙafarta na taɓa tasa.

Ba na jin Fulatanci, ita ba ta jin Hausa sai ta cefane. Saratu ma kalmominta ba su wuce na "sha" da "kwanta" ba. Tafinta ɗaya ne a sansanin, wani dogo mai tsohuwar hular soja, kuma kowa ya san kullum da yamma yana shiga tantin sajan mai gadin sansanin ya zazzage abin da ya ji. Shi aka kira.

Ta ce sukari ƙwaya uku kaɗai ta samu. Ƙwaryarta ƙarama ce, ba ta kai rabin lita ba. Gishiri kuwa tana da shi da yawa. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mana guntun kantun gishiri, na shanunsu ne. Shanun sun mutu a hanya, gishirinsu ya rage. Ta ce tunda sukarin bai cika ba, ta kula ƙwarai kada gishirin ma ya gaza. Ta ɗaga hannu biyu, ta lanƙwasa babban yatsa ɗaya. Sannan ta tambaya ko goma ne ita ta tsallake ɗaya, shi ya sa maganin bai kama ba.

Na ce wa tafinta ya ce mata ta yi haƙuri. Abin da na ce ke nan. Ni mai baki, ni da ke tsokanar Fulani tun daga bakin sansani.

Alhamis, 25 ga Afrilu, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na shiga wurin Mushe Ado na faɗa masa duka. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya ƙara wa rediyo murya, ya dawo ya zauna. Ya ce yara na mutuwa a sansanin nan kullum, da silima da ba silima. Ya ce wa ya auna cikinsu ya ga gishirin Gwaggo ne. Na ce kopi goma za su tafi Tawa da Agadas da Difa, inda makiyayan ba sa jin Hausar ko da injin wuta ya yi shiru.

"Shu'aibu, so kake in je in ce wa Kapitan abin da ya tafa wa a gaban manya guba ne? Kai ka je ka faɗa. Alu hoto kawai ya ɗauka a sansanin can da ba a sa shi ba."

Ya ce bai ji ni ba, ban kuma shigo ba. Ba mugu ba ne. 'Ya'yansa bakwai, tsoro yake ji. Na tsane shi duk da haka, don na ga kaina a fuskarsa.

Yau ya kamata a sake nunawa a sansani. Sumana ya je ya shaida wa sajan cewa fitilar inji ta ƙone, sai an samo wata. Fitilar na cikin aljihunsa, lafiyarta lau. Saratu kuma na bin bukka bukka tana ɗaga yatsu biyu. Ta ce matan na gyaɗa mata kai don kunya, amma sun fi yarda da abin da suka gani.

Juma'a, 26 ga Afrilu, bayan masallaci

Saratu ta ce biyu sun farfaɗo. Biyu cikin ukun. Ban tambaye ta ba. Ta ce da hantsi aka kai ɗan Pendo bayan tudu, inda ake binne su.

Asabar, 27 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Raliya na miya, na fito daga ɗaki na ga hannunta ya nufi kwanon gishiri. Na daka mata tsawa. Ban san me na ce ba. Ludayi ya faɗi, maƙwabciya ta leƙo.

Shekara shida da aurenmu ban taɓa yi mata haka ba. Ta ɗauki ludayin ta wanke, ta ce, Malam, ko dai ka faɗa mini ko ka bar mini madafina. Na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon yatsunta. Miyar lami muka sha.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da hantsi

Na gwada zana wani abu. Kome na fara, hannu yake zama.

Litinin, 29 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Kopi goman sun iso, suna ɗakin ajiya cikin gwangwanayensu, kowanne da sunan garin da za shi.

Mushe Ado ya kira ni da fara'a, ya ce ya kwana da maganata, ya samo mafita. Wa ya riƙe kamara? Alu. Wa ya maimaita hannun? Alu. Mutumin da aka riga aka sani da son ɓata sunan gwamnati. A rubuta rahoto a ce zagon ƙasa ya yi, a tsayar da silimar, a gyara, kowa ya tsira da mutuncinsa. Shi Alu ai inda yake ba abin da zai ƙaru. Abu ɗaya ake so, takardar aiki mai jan bik ta ɓace.

Na ce zan yi tunani. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na yi tunanin. Tun daga biro har Kalley ina yi. Yara za su tsira, ni ma haka. Alu kuwa yana da uwa a unguwar Gaweye da ke zuwa bakin biro duk ranar Alhamis, ba ta tambayar kowa kome, ta zauna a inuwa har a tashi.

Takardar na cikin kayen nan, na ninke ta huɗu.

Talata, 30 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Sumana ya ce kullum in ya kai buhunan agaji da yamma, Pendo na zaune a daidai inda muke tsayar da kamyo. Ta tambaye shi da hannu yaushe matar farin ƙyalle za ta dawo. So take ta sake ƙirgawa.

Sannan ya ce, gobe hutun ma'aikata, biro ba kowa, makullin ɗakin ajiya kuma shi yake wurinshi. Ya ce almakashi ba shi da darekta.

Laraba, 1 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Mun yi. Tun ƙarfe takwas muka kulle kanmu, ana can ana maci a gari. Kopi goma, da tamu ta sansani sha ɗaya. Kowace mu warware ta har wurin gishiri, in ɗaga ta a hasken taga in ƙirga, mu bar biyu, mu yanke bakwai, Sumana ya kankare baki ya liƙa. Muryar Saratu ta tafi tare da abin da aka yanke. Yanzu Gwaggo na cewa "yatsu uku, sau biyu", sai ta yi tsalle ta kama damawa kamar an tsikare ta. Mummunan aiki ne, ko ɗan koyo ba zai yi shi ba. Ban taɓa son wani aiki nawa kamarsa ba.

Guntayen na zuba su a gwangwanin madara na taho da su gida. Ban taɓa Alu ba, ban je wurin Kapitan ba, yaran Agadas kuma za su sha biyu. A hanya har tsire na saya wa Raliya. Yau zan ci abinci.

Juma'a, 3 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Fitilar Sumana ta warke, jiya muka nuna sabuwar.

Pendo na sahun gaba, cinyarta ba kowa. Da aka zo wurin gishiri ta ɗaga hannu biyu a shirye. Ta lanƙwasa ɗaya. Ta lanƙwasa biyu. Gwaggo ta kama damawa.

Hannuwanta suka tsaya a sama. Da aka gama ta je wurin Sumana ta yi masa alama ya sake. Ya dube ni, na kau da kai, ya sake. Biyu. Matan da ke bayanta suka fara magana ƙasa ƙasa. Ta sauke hannuwan ta dube su, gaba da baya, ta tashi ta shiga cikin bukkoki.

Duk lissafin da na yi ranar Laraba, ban sa ta a ciki ba.

Asabar, 4 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Saratu ta zo har gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Raliya ta shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama. Ta ce Pendo ba ta karɓi rabonta na hatsi ba jiya da yau. Wai tana cewa idonta ne ya yi mata ƙarya, matar farin ƙyalle biyu ta ce, ita ta zuba tara da hannunta. Sauran matan da suka ga tara sun fara cewa su dama biyu suka gani. Dangin mijin sun daina zama kusa da ita.

Na ce ke ki faɗa mata mana. Ta ce da wane baki? Ta gwada da hannu, Pendo ta ɗauka lallashi ne. Magana irin wannan sai da tafinta, kuma duk mun san inda tafinta ke kai magana.

"Yesu ya sani ban zo in tura ka wuta ba, Malam. Muryata ce a ciki, ni ma ban ƙirga ba. Amma yarinyar nan ba za ta kai damina ba."

Lahadi, 5 ga Mayu, da hantsi

In na yi shiru, ba wanda zai taɓa sani. Sau uku ke nan ina rubuta wannan ina sokewa.

Lahadi, bayan la'asar

Akwai kuma uwar silimar, wadda ake buga kopi daga jikinta. Tana can inda aka buga, da tara ɗinta cif. Duk ranar da wani babba ya ce a ƙaro, tara za ta fito.

Na faɗa wa Raliya abin da nake shirin yi, ina jiran kuka. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce ai hannunta ne a ciki, ita ma tana da ta cewa. Ta ce in je, amma in bari motocin su tashi tukuna, kada a riƙe kopi masu kyau a ce an taɓa kayan gwamnati. Ta fi ni kai, kullum ina faɗa mata da wasa. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan magariba

Motocin sun tashi ƙarfe bakwai na safe. Na tsaya har ta ƙarshe ta sha kwana. Na ajiye wa Mushe Ado wasiƙa a tebur, na ce kada a sake buga kopi daga uwar, na faɗi dalili, na liƙa takardar aiki mai jan bik a jiki don kada a nemi wani mai laifi. Ta biyu na kai ofishin Kapitan da kaina, don na san aljihun teburin Mushe Ado. Sunan Sumana bai fito ba. Na ce ni na saci makulli.

Daga nan na ɗauki gwangwanin madara na tafi sansani.

Na sami Pendo a bayan bukka, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na aika a kira tafinta. Kafin ya zo mata sun taru, da tsohon nan da na ce wa bawana. Na ce wa tafinta ya faɗi abin da na faɗa daidai, kada ya rage, in ya gama kuma ya kai inda ya saba kaiwa. Ya gyara hularsa bai dube ni ba.

Na ce ni na zana matar farin ƙyalle. Na ce ranar farko sau tara ta ɗebi gishiri, kuskurena ne, biyu ya kamata. Na ce daga baya na shiga da almakashi na yanke bakwai a ɓoye don in tsira. Na zaro guntun silimar na ɗaga shi a rana, na nuna mata: hannu, hannu, hannu, har ƙasa.

Ta karɓa. Ta daɗe tana bin sa da yatsa. Ta yi tambaya, tafinta ya ce tana cewa, ranar farko, nawa?

Na ce tara.

Ta ɗaga hannu biyu ta lanƙwasa babban yatsa ɗaya, tana kallona. Na gyaɗa kai. Ta juya ta nuna wa matan, ɗaya bayan ɗaya, har da uwar mijinta. Ba wadda ta ɗaga ido.

Na jira zagi. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, ban ma roƙa ba. Ta naɗe guntun ta ɗaure shi a bakin zanenta, inda gishirin yake a da. Sannan ta zauna a ƙasa, a gaban surukai da baƙi, ta buɗe baki ta kira wani suna. Sau ɗaya a hankali, sannan da ƙarfi. Tsohuwar ta kama ta. Tafinta bai fassara ba, ba wanda ya bukata.

Da zan tafi na ga ya nufi tantin sajan. A hankali yake tafiya, amma can ya nufa.

Talata, 7 ga Mayu, ƙarfe shida da rabi na safe

Takardar kira ta iso tun da asuba, ƙarfe takwas ake nemana. Sun ce minti biyar ne. Raliya ta sa ni na saka riga biyu, ta cusa mini dabino a aljihu. Sumana ya biyo da kamyo ya ce Saratu ta ce a faɗa mini yarinyar ta sha kunu jiya da yamma, rabin ƙwarya.

Kayen nan zan bar shi wurin Raliya. Na duba shi daga farko, na ga sunan kowa a ciki, har na matar da ba ta taɓa rayuwa ba, ban da na mutum ɗaya. Uwarsa kunya ta hana ta faɗa. Ni ba kunya ba ce.

Sunansa Siddo. Watansa goma sha huɗu.